Ramar Inna da Tukunyar Lita Talatin

Irin ramar da na zo da shi Kuala Lumpur bai kai cikin cokali biyu ba. Inna, mahaifiyata, ita ta ƙulle shi a ƙyallen atamfa ranar da za mu taso, ta cusa a cikin safar maigidana ba tare da ta gaya wa kowa ba. Shi an ba shi gurbin karatun digiri na uku, ni kuma na biyo shi da 'yan matanmu biyu da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A filin jirgi ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu san da shi ba balle mu faɗa. Sai da muka kwana uku Malam, maigidan nawa, ya zo sa safa ya ji abu ya tokare masa yatsa.

Ramar gidanmu ce. Jan kara gare ta, ganyenta ba ya ɗaci, tsaminta kuma ba ya kashe haƙori. Inna ta ce a wajen uwarta ta samu, ita kuma daga ƙauye ta taho da shi a cikin kayan aurenta. Duk damina Inna kan shuka layi biyu a bayan ɗaki, ta ware tushe uku ko huɗu ta ce kar wanda ya taɓa, su yi fure su yi ƙwanso, ta karkaɗe irin ta zuba a kwalba. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Rama ce dai.

Shi ya sa na yi ta ɓarna da shi. Da farko na saci ƙasa a gefen wajen ajiye motoci na zuba a bokitin fenti, na watsa iri kamar mai shuka gero. Ruwan garin nan ba ya sallama, ya zo ya jiƙa ƙasar ta dunƙule, komai ya ruɓe. Karo na biyu na shuka a 'yan ƙananan tukwanen roba, ta fito ta kai kamu ɗaya ta tsaya, na tsinke muka yi kwaɗo sau biyu, shi ke nan. A raina in ya ƙare sai in ce Inna ta aiko da wani.

A shekararmu ta biyu Inna ta rasu. Ban samu jana'iza ba, sai bayan an yi bakwai na isa. Na tarar yayanmu ya malale bayan ɗakin da siminti, zai fitar da shago. Na tambayi kwalbar iri, aka yi ta kallon juna. An share ɗakin, an rabar da na rabarwa, an zubar da na zubarwa, ba wanda ya tuna da wata kwalba. Ƙanwata ta ce, "Haba Yaya, rama ce fa. Ga ta nan jibge a kasuwa." Ban yi faɗa ba, don ban ga wanda zan yi da shi ba.

Da na dawo na kwance ƙyallen na ƙirga. Ƙwaya goma sha ɗaya. Ba ci nake so in yi ba a wannan karon. So nake ko tushe ɗaya ya kai ga fure, ya yi ƙwanso, ya bushe a tsaye, in samu irin da zan zuba a kwalba. In hakan bai yiwu ba, ramar Inna ta ƙare a duniya, kuma a hannuna ta ƙare.

Muna zaune a Sri Petaling, hawa na tara, a wani dogon bene mai mutane kamar ƙauye guda. Barandarmu 'yar siririya ce, katangarta ta siminti ta kawo min ƙirji, rana tana dukanta tun safe har azahar. A bayan layin shaguna, kusa da mamak, gidan abincin da Malam ke shan shayi, akwai kedai, wato shago, na wani tsohon Basine mai sayar da fulawa da tukwane. Kowa Ankul yake ce masa, ni ma na bi sahu. Wajensa na je na ce ina da iri mai daraja, ba na son ya sake mutuwa.

Ya ce in manta da ƙasa. Ya ɗauko wani abu kamar bulo, mara nauyi, ya ce ɓawon kwakwa ne aka niƙa aka matse, sabut suke kiransa. In ka jiƙa shi sai ya kumbura ya cika bokiti, ya zama kamar dusa. Ba ya dunƙulewa, saiwa tana samun iska. Amma babu abinci a cikinsa ko kaɗan, sai ka riƙa haɗa taki a ruwa, cokali daga wannan jarka, cokali daga waccan. Sannan ya nuna min tukwanen da ke shayar da kansu. Tukunya biyu ce a haɗe, ta sama ta shuka, ta ƙasa ta ruwa, da lagwani irin na fitila a tsakani yana jawo ruwan sama a hankali. Ma'ajin ruwan a rufe yake ruf, don a garin nan in masu duba sauro suka tarar da ruwa a kwance a barandarka, tara za ka sha. Wannan ya burge ni ƙwarai. Na ce mutanen nan dai ba su bar komai ba.

A kan girman tukunya muka saɓa.

Ya tambaye ni me zan shuka. Ban san sunan rama da Turanci ba a lokacin, sai na ɗaga hannu sama da kaina na ce haka take tsawo a gida. Ya dube ni, ya dubi tukwanensa da ya jera tun daga ta lita biyar har ta talatin, ya turo min ta sha biyu da ƙafa.

"Wannan ta ishe ki lah."

Na ce ta yi ƙanƙanta. Na gaya masa na taɓa shukawa a ƙarama ta tsaya a kamu ɗaya.

Ya ce wancan ƙasa ce, kuma ba taki. A sabut abinci ne ke zuwa wajen saiwa, ba saiwa ke yawon nemansa ba, don haka ba ta bukatar fili mai yawa. "Tukunya babba, itace babba. Barandarki babba ce? Kuma ɗan tsiro a babbar tukunya ruwa yana yi masa yawa. Ki ɗauki sha biyu."

Ni kuma a ranar na tashi da zuciya a kusa. Sai na ga kamar ya dubi hijabina da silifas ɗina ne ya yanke min abin da aljihuna zai iya. Ga shi kuma ina ganin ramar Inna ta wuce a matse ta a wata 'yar tukunya kamar tumatir. Na nuna ta talatin na ce ita nake so. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Boleh, boleh," wato ba komai, ya ɗaura min ita da igiya. Ni na ɗauko ta a ka har gida, mutane suna kallona a bakin titi.

Malam da ya dawo ya gan ta ta cinye rabin baranda, ya ce, "Baiwar Allah, kuka za ki dasa ne?" Na ce eh, har da tsamiya.

A cikin goma sha ɗayan, uku suka tsiro. Na mayar da su duka cikin babbar tukunya tun suna da ganye bibbiyu. Kafin sati biyu guda biyu suka yi laushi daga gindi suka kwanta, sabut ɗin ya jiƙe sharkaf, saiwarsu ba ta kai ta shanye ba. Abin da Ankul ya faɗa ke nan, amma ban koma na gaya masa ba. Ɗayar ta yi kwana da kwanaki ba ta gaba ba ta baya, sannan wata safiya na ga ta miƙe.

Daga nan kuma sai ikon Allah. Lagwani yana ba ta, rana tana ba ta, ni kuma duk Asabar in cika ma'ajin ruwa in auna taki. Ban taɓa ganin rama ta yi irin wannan girman ba, ko a bayan ɗakin Inna. Wata biyu ta wuce katangar baranda. Wata uku ta wuce ni, ta kusa taɓa ƙasan barandar mutanen sama, sai ta karkata waje tana bin rana. Karan ya yi ja, ya yi kauri kamar muciya. Ban tsinki ko ganye ɗaya ba. Yaran in sun zo kusa sai in daka musu tsawa, su ba ni amsa da Turanci su wuce.

Duk wanda ya san rama ya san ganyen ƙasa a dunƙule yake, mai faɗi. In ta yi tsawo kuwa, na sama sai ya rarrabu, yatsu biyar ko bakwai, sirara, masu baki kamar zarto. A gida ba wanda wannan ya taɓa damu. Kowa ya san ramar da ta girma haka take. Ni wallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa ga wanda bai san ta ba, tana kama da wani abu daban.

Ta yi fure, ruwan madara mai jan ciki, ya buɗe da safe ya rufe kafin la'asar. Ranar da na ga na farko na daɗe a tsaye, na yi wa Inna addu'a, na koma na ɗora girki. Fure ya riƙa faɗuwa yana barin ƙwanso, kore, mai ƙaiƙayi. Na lissafa yadda Inna ke yi, na ga nan da sati uku ko huɗu za su yi ruwan ƙasa su fara tsagewa.

Ranar wata Litinin da hantsi Malam ya kira ni daga makaranta, abin da ba ya yi.

"Baiwar Allah, buɗe wayarki, na turo miki abu."

Hoton ramata ne, an ɗauka daga sama, ganyen nan ya baje yatsu a rana. An saka shi a guruf ɗin mazauna benen. A ƙasa an rubuta hawa na tara, da kalma ɗaya da alamar tambaya: ganja. Wiwi ke nan. A ƙarƙashin wannan mutane sun yi ta rubutu da yarensu da Turanci, wani ya ce ai 'yan Afirka ne a gidan, wani ya ce dama shi ya faɗa tun farko kar a riƙa ba su haya.

Dariya na fara yi. Na ce, "Rama? Ramar Inna ce wiwi?"

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ki sake kallon hoton da kyau. Gaskiya biri ya yi kama da mutum."

Na ce kama da wane ba wane ba ne. Ya ce wannan a Kano ne.

Da la'asar manajan benen ya zo da mai gadi ɗaya. Manajan matashi ne mai ladabi, ya cire takalmi a ƙofa, ya yi sallama. Na kai shi baranda. A gabansa na tsinki ganye, wanda ban taɓa yi ba, na tauna na haɗiye, na miƙa masa wani. Ya ja da baya yana murmushi. Na nemo masa hoton rama a waya, da sunanta na Turanci da Malam ya turo min. Ya duba, ya dubi shukar, ya ce shi ya yarda da ni, amma shi ba masanin tsirrai ba ne, kuma mutane sun kawo ƙara a rubuce. An riga an gaya wa mai gidan da muke haya. In Juma'a ta yi tana nan, dole ya miƙa maganar ga 'yan sanda su zo su ɗauka su gwada, shi ya fita daga ciki.

Na ce su zo mana, su gwada, gani ya kori ji.

Sai ya ce, cikin ladabin nan nasa, "Madam, a ina kika sayi irin?"

Na san ba a shigo da iri ƙasar nan haka kawai a cikin safa.

Da Malam ya dawo bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan. Ya zauna ya jera min. A ƙasar nan ko tushe ɗaya na wiwi aka kama mutum ya shuka, ɗauri ne mai tsawo da bulala. Tabbas in an gwada za a ga ba ita ba ce. Amma gwajin kwana nawa zai ɗauka, kuma a ina za mu zauna kafin nan, a gida ko a hannu? Fasfonmu duka yana wajen sabunta biza. Saura wata shida ya gama rubutunsa. In sunansa ya shiga takardar 'yan sanda da kalmar nan a gefe, ko an wanke shi, wa zai tsaya karanta ƙarshen takardar? Mai gida kuma ya riga ya kira shi sau biyu.

Na ce sati uku kawai nake nema.

Ya ce, "Na sani. Kwana huɗu aka ba mu."

Na ce da ramar uwarsa ce da ya san yadda zai yi. Magana ce mara kyau, na kuma san mara kyau ce tun kafin ta gama fita. Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci.

Kwana ukun da suka biyo baya na yi su ne a neman inda zan kai ta. Na ce mu shigo da ita falo. Malam ya ce shukar da aka yi ƙara a kanta ka janye ta ka ɓoye a ɗaki, ai ka amsa laifi ke nan. Ban da haka ma ba rana a falon, kuma tsawonta ya fi ƙofar. Na kira wata ƙawata 'yar Jos da ke karatun jinya a Setapak. Ta ce, "Maman yara, ki rufa min asiri. Benenmu duk ɗaliban Afirka ne, ba a wata biyu ba a zo duba takardu ba. In shigo da wannan? Kuma wane direba ne zai ɗauke ki da ita a mota?" Gaskiyarta ne, ban ji haushinta ba.

Ranar Laraba na tafi wajen Ankul da hoton. Ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya har da tari. Ya ce ya san ta, ana noma ta a gabashin ƙasar don igiya, bai dai san ana ci ba. Na ce to ya taimaka ya ajiye min ita a bayan kedai ɗinsa sati uku, ko nawa ne zan biya. Dariyar ta tsaya. Ya ce shagonsa a bakin titi yake, shekara talatin ba a taɓa tambayarsa komai ba, ba ya son a fara yanzu.

Sannan ya ce, "Wace tukunya kika sa ta? Babbar?"

Na ce ita.

"Da sha biyu kika ɗauka, da ta tsaya miki a ƙirji ta yi furenta a bayan katanga. Iri ɗaya za ki samu. Ba wanda zai gani."

Ba da izgili ya faɗa ba, yana faɗa yana ɗaure wa wata mata fulawa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Na sayi jarkar takin da ba na bukata don kar in fita hannu rabbana, na dawo gida.

Juma'a da safe, bayan yara sun tafi makaranta, na ɗauko wuƙar yanka nama. Malam ya ce bari ya yi, na ce a'a. Karan ya yi tauri, sai da na yi ta gurzawa. Da ta faɗi, kanta ya shigo har tsakiyar falo. Na zazzage tukunyar na ga saiwar ta cika ta har ƙasa, fara tas, ta nannaɗe lagwanin. Lafiyarta ƙalau. Na yanke rassan da ke da ƙwanso na ɗaure su na rataye a kicin, ko Allah zai sa su ƙarasa a haka. Malam ya ɗauki hoton baranda babu komai ya tura wa manaja, manaja ya turo da godiya.

Ganyen ya cika babbar roba. Ban ga amfanin zubarwa ba. Na tsinke, na dafa, na matse, na daka ƙuli-ƙulin da nake ta tattali tun dawowata daga gida, na yanka albasa da tumatir, na zuba yaji da man gyaɗa. Ƙamshin da ya tashi na tsakar gidanmu ne sak. Na ci loma biyu a tsaye na kasa ƙarawa.

Tun ranar Litinin na san daga inda aka ɗauki hoton. Baranda ɗaya ce a saman tamu. Wata dattijuwa ce Bamaleshiya ke zaune a can ita kaɗai, Makcik muke ce mata, kamar dai mu ce Gwaggo. Muna haɗuwa a lif, takan shafa kan yarana, da salla ma ta aiko mana da waina irin tasu. Na zuba kwaɗon a faranti na hau. Ba don alheri na hau ba, kar in yi wa kaina ƙarya. So nake in ajiye mata a gabanta in ce ga wiwin, ta ci ta bugu.

Ta buɗe ƙofa, ta dubi farantin, ta dube ni. Na faɗi abin da na zo faɗa, da guntun Turancina da guntun yarensu, amma bai fito da zafin da na shirya ba. Ta ce in shigo. Ta wanke hannu, ta zauna a tabarma, ta ɗiba da yatsu ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ta ƙara. Ta tashi ta ɗebo shinkafa mai zafi ta haɗa, ta ce su ma suna cin ganye mai tsami haka da shinkafa, amma ba su san a sa masa gyaɗa ba. Sai da ta kusa cinye farantin sannan ta ce ita ce ta ɗauki hoton.

Na ce na sani.

Ta ce ɗanta na fari abin nan ne ya ci shi. Yana tsare shekara ta huɗu ke nan, duk wata take hawa mota ta je ganinsa. Ranar da ta fito shanya ta ga ganyen nan yana leƙo mata baranda, ɗan nata ta tuna, sai ta ɗauko waya. Ta ce da ta sani da ta sauko ta tambaye ni. Ta ce in yafe mata, ta kama hannuna da hannunta mai maiƙon gyaɗa.

Me zan ce? Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, Allah ya fito da shi. Na karɓi farantina na sauko. Ban gaya mata labarin Inna ba, ban ga abin da zai ƙara ba.

Ƙwanson da na rataye ya bushe a cikin kwana goma. Na murza a faifai. Irin ya fito fari-fari, a motse, in ka danna da farce sai ya lotse. Na Inna baƙi-baƙi ne, mai tauri. Duk da haka na jiƙa sabut na zuba a kofunan roba guda takwas, na shuka duka, na jera a bayan katanga. Na ba su sati uku. Kullum da safe in duba, in tona ɗaya da tsinke in ga ko ya kumbura. A ƙarshe na juye kofunan a shara, na wanke babbar tukunyar, na mayar da ita ma'ajin takalman yara.

Bayan wannan da kamar wata ɗaya, wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Makcik ce, tana haki, rungume da sabuwar tukunya mai ma'ajin ruwa, da bulon sabut a leda. Ta ce tun ranar nan bakinta yake tuna mata ganyen. Ta je wajen Ankul ta ce ya haɗa mata irin kayan da 'yar Afirkan nan ta saya. Ta kuma riga ta gaya wa manaja da mutanen guruf cewa ita za ta shuka a barandarta, kayan miya ne, ita ta ci da bakinta, duk mai magana ya zo ya same ta.

Ta ajiye tukunyar a bakin ƙofa ta ce in duba mata, girman ya yi? Don Ankul ya hana ta ɗaukar babbar.

Na duba gindin. Lita sha biyu.

Na ce, "Ya yi, Makcik. Daidai ke nan."

Ta ji daɗi. Ta buɗe tafin hannunta ta miƙo min, ta ce to in ɗan sammata irin, ko ƙwaya biyar ma sun isa.

Malam yana zaune a falo da takardunsa, na ji ya daina buɗe shafi. Na dubi hannun nata, ɗan ƙarami, duk ya yamutse, da zoben azurfa a yatsa kamar na Inna.

Na ce, "Babu, Makcik. Waccan ce ta ƙarshe."

Ta ce ba komai, in za a zo daga gida sai in sa a taho mata da shi, ita ba ta gaggawa.

Na ce a gidan ma babu.